CGPA kaɗai ba shaida ba ce: yadda sashe zai gane abin da ɗalibansa suka iya

Tambaya: Ni malami ne a tsangayar aikin gona ta wata jami'a. Shugaban sashe ya ɗora mini aikin haɗa shaidar cewa ɗaliban da muke yayewa sun koyi abin da manhaja ta ce za su koya, saboda tawagar tantancewa ta NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, na tafe. Muna da sakamakon kowace jarrabawa da CGPA, wato matsakaicin makin duk shekarun karatu, na kowane ɗalibi. Wannan bai wadatar ba? In bai wadatar ba, daga ina zan fara, alhali aji ɗaya kan kai ɗalibai 180?

Amsa: Malam, bai wadatar ba, kuma gara ka san dalili tun kafin ka fara tara takardu. CGPA jimla ce. Ɗalibin da ya fita da 3.60 ya samu digiri mai daraja ta biyu babba, tunda wannan rukunin daga 3.50 yake zuwa 4.49, amma lambar ba za ta gaya maka ko ya iya lissafa takin da gonar masara mai hekta ɗaya ke buƙata ba. Yana iya faɗuwa wannan tambayar a aji uku, ya cike giɓin da tambayoyin haddar ma'ana, ya tashi da maki 52, a rubuta masa C, magana ta wuce. Kamar buhu ne aka ɗora a sikeli: nauyi ya cika, amma sikelin bai san ko hatsi ne zalla a ciki ko da tsakuwa ba. Sakamakon jarrabawa yana amsa tambayar wa ya ci, wa ya faɗi. Aikin da aka ba ka wata tambaya ce daban: cikin abubuwan da sashe ya yi alkawarin koyarwa, wanne ne ya shiga, wanne ne bai shiga ba, kuma a wane kwas matsalar take.

Fara da rubuta alkawarin. Manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disamba 2022 a madadin tsohuwar manhajar BMAS ta sauƙaƙa wannan, domin a ƙarƙashin kowane kwas an jera abubuwan da ake son ɗalibi ya iya idan ya kammala. Kashi 70 na manhajar daga NUC yake, kashi 30 jami'a ce ke tsara abinta. Sai dai in ka tattara na dukkan kwasa-kwasan shekara biyar na digirin noma, za ka samu ɗaruruwa, kuma babu sashen da zai iya bin ɗaruruwa. Ku zauna a taron sashe ku tace su zuwa manufofi shida ko bakwai na digirin gaba ɗaya. Kowanne ya zama abin da za a iya gani da ido ko a duba a takarda. "Ɗalibi zai fahimci kimiyyar ƙasa" ba ya aunuwa, don ba wanda ya taɓa ganin fahimta. "Ɗalibi zai karanta sakamakon gwajin ƙasa ya lissafa nau'i da adadin takin da gona ke buƙata" yana aunuwa. Kalmomin da za ku nema su ne lissafa, gano, tsara, kwatanta, ba da shawara da hujja. Ku guji sani, fahimta da lura.

Bayan haka sai jadawali guda, shafi ɗaya: kwasa-kwasan dole a jere daga sama zuwa ƙasa, manufofin nan shida a kwance a sama. A kowace mahaɗa a rubuta ko a kwas ɗin ake gabatar da abin, ko a nan ake ƙarfafa shi, ko a nan ake sa ran ɗalibi ya ƙware. Kowane malami ya cike layin kwas ɗinsa da kansa, amma ya zo da takardun tambayoyinsa na shekarun baya a hannu, domin abin da malami ke zaton yana koyarwa da abin da yake tambaya a jarrabawa ba kullum suke haɗuwa ba. Wannan shafin kaɗai yakan tona abubuwa. Za ka ga manufa ɗaya, misali rubuta rahoton kimiyya, kowa ya ɗauka wani ne ke koyar da ita, sai a aji biyar ake neman ɗalibi ya rubuta kundin binciken kammala digiri bai taɓa rubuta shafi uku da aka gyara masa ba.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake. Ba sai kun ƙirƙiri sabuwar jarrabawa ba. Jarrabawar da kuke yi ita za ku gyara yadda za ta ba da labari. Ɗauki kwas ɗin takin ƙasa. A ce tambaya ta ɗaya maki 15 ce, a raba ta uku. Kashin farko, maki 3: ambaci manyan sinadarai uku da ke cikin takin NPK da aikin kowanne. Wannan hadda ce. Kashi na biyu, maki 8: an ba da shawarar kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfet, 60 na fotash ga hekta ɗaya ta masara, manomi yana da NPK 15-15-15 (kashi 15 cikin ɗari na kowane sinadari) da yuriya, buhu nawa zai saya na kowanne? Amsa ita ce kilo 400 na NPK, wato buhu 8 masu kilo 50, wanda zai ba da 60 na kowane sinadari, sai ragowar kilo 60 na naitirojin daga yuriya mai kashi 46 na naitirojin, wato kilo 130, buhu biyu da rabi da 'yar ɗoriya. Kashi na uku, maki 4: gonar hekta 0.4 ce, kuma NPK 20-10-10 kawai ake samu a kasuwa, me za ka ce masa? Wanda ya iya zai lissafa kilo 600 ga hekta, 240 ga wannan gonar, kusan buhu biyar, sannan ya ƙara da cewa kada a zuba shi duka lokaci ɗaya, domin ruwan sama zai wanke naitirojin ɗin kafin masara ta kai lokacin da ta fi buƙatarsa. Tambaya ɗaya ta taɓa mataki uku na rabe-raben matakan koyo da masanin ilimi Bloom ya fitar a 1956: tunawa, aiwatarwa, da yanke hukunci.

Abin da ke sa wannan ya yi amfani shi ne a shigar da makin kowane kashi daban, ba jimlar takarda kaɗai ba. Murfin takardar amsa yana da gurbin makin kowace tambaya, amma abin da ke isa ofishin jami'in jarrabawa jimla ce kawai, sauran bayanin ya tafi sito tare da takardun. In shigar da na ɗalibai 180 ya yi yawa, ɗauki samfuri. Jera lambobin rajista, ka ɗauki kowace ta biyar, ka samu takardu 36. Kada ka ɗebi na saman ambulan, domin waɗanda suka fara miƙa takarda ba su wakiltar aji, ko dai gwanaye ne ko waɗanda suka sallama. Takardu 36 a Excel aikin yamma ɗaya ne ga mutum biyu.

Kafin a duba ko takarda ɗaya, sashe ya tsayar da ma'auni a rubuce. Misali: za mu ce manufar ta samu in kashi 70 na ɗalibai sun ci aƙalla maki 5 cikin 8 a kashin lissafi. Kada ku ɗauki 40 na cin jarrabawa ku mayar da shi ma'auni a nan. Wanda ya samu kashi 40 a lissafin taki bai iya lissafin taki ba, manomin da ya bi shawararsa zai yi asara. Kuma in aka bari sai an ga sakamako sannan a tsayar da ma'auni, za a tsayar da shi daidai inda za a haye.

A ce cikin 36 ɗin, 31 sun cinye kashin hadda, amma 14 kaɗai suka kai maki 5 a lissafi. Kada ka tsaya a rubuta kashi 39 cikin ɗari. Buɗe takardun 22 ɗin da suka kasa ka duba irin kuskuren. Kusan kullum iri biyu ne. Wasu sun ɗauka 15 ɗin da ke jikin buhu kilo 15 ne a kowane buhu, alhali kashi 15 cikin ɗari ne, wato kilo 7.5 a buhu mai kilo 50, sai su ce buhu 4 maimakon 8. Wasu sun manta da naitirojin da ke cikin NPK, sun raba 120 gaba ɗaya da 0.46, sun ninka yuriyar. Kuskure na farko matsalar lissafin kaso ce, tun daga aji ɗaya ta taso, ba ta malamin taki ba ce. Na biyu matsalar rashin atisaye ce a kwas ɗin kansa. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma jimlar maki ba za ta taɓa bambance maka su ba.

Akwai al'ada guda da ke rusa wannan aikin tun daga tushe: "amsa tambayoyi huɗu cikin shida." Ɗalibai sun san inda lissafi yake, sukan tsallake shi. In mutum 35 ne cikin 180 suka zaɓi tambayar, waɗanda suka yarda da kansu ne, sai sakamako ya fito da kyau alhali mafi yawan aji ba su kusance ta ba. Duk manufar da kuke son aunawa ku sa ta cikin tambayar dole. Sauran a bar zaɓi in ana so.

Abu na biyu shi ne makin da aka taɓa. Yi aiki da ɗanyen maki kafin gyaran taron sashe. In ka zana yadda maki ya bazu ka ga tudu a kan 40 da rami a 37 zuwa 39, ka san an ɗaga, kuma wannan ba laifin da za ka kai ƙara ba ne, amma ba shi za ka auna da shi ba. Haka makin CA, wato na gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango kafin jarrabawa. A jami'o'inmu yakan zama 30 ko 40 cikin ɗari, kuma a kwasa-kwasai da yawa ya cakuɗe da makin halartar lakca, da aikin rukuni da mutum biyu suka yi wa mutum goma, wani wurin har da sayen handaut. Halarta tana da nata gurbin, ita ce sharaɗin kashi 75 na shiga jarrabawa a yawancin jami'o'i, amma ba shaidar iyawa ba ce. Daga CA ɗauki abin da aka yi a gaban malami kawai: gwajin aji, aikin ɗakin gwaje-gwaje, aikin gona.

Ga manyan azuzuwan da ake yi wa jarrabawar kwamfuta ta zaɓi-ɗaya, na'urar tana ajiye amsar kowane ɗalibi ga kowace tambaya, sai dai ba a cika neman fayil ɗin ba. Nemi shi daga cibiyar jarrabawar kwamfutar. Lissafi biyu za ka yi. Na farko, kason waɗanda suka amsa daidai: tambayar da sama da kashi 80 suka ci ta yi sauƙi, wadda ƙasa da kashi 30 suka ci a sake dubanta. Na biyu, jera ɗalibai bisa jimlar makinsu, ware kashi 27 na sama da kashi 27 na ƙasa, mutum 49 kowane ɓangare in aji 180 ne, ka cire kason masu ci na ƙasa daga na sama. In bambancin bai kai 0.2 ba, wato kashi 20 cikin ɗari, tambayar ba ta rarrabe wanda ya sani da wanda bai sani ba. In na ƙasa sun fi na sama ci, je ka duba amsar da aka shigar wa kwamfuta, galibi ita ce ba daidai ba, ko kuma zaɓi biyu ne daidai. Irin waɗannan tambayoyin a cire su kafin a yanke hukunci a kan ɗalibai.

Kundin shekarar ƙarshe shi ne wurin da ya fi dacewa a auna digiri gaba ɗaya, kuma shi ne wurin da maki ya fi rashin ma'ana, don kusan kowa A ko B yake samu. Dalili a fili yake: mai duba ɗalibi shi ke ba da kaso mai yawa na makin, kuma faɗuwar ɗalibinsa kamar tasa ce. Ku yi takardar ma'auni mai layi biyar: bayyana matsala, tsarin gwaji, nazarin alƙaluma, fassara sakamako, rubutu da kawo madogara. Kowane layi mataki huɗu, kuma a rubuta yadda kowane mataki yake kama, ba "mai kyau" da "mai kyau ƙwarai" ba. A layin tsarin gwaji, misali, mataki na ɗaya shi ne babu maimaici, wato ba a maimaita gwajin a fegi daban-daban ba, kuma babu fegin kwatance. Na biyu, akwai maimaici amma ba a rarraba fegi ta hanyar ƙuri'a ba. Na uku, tsarin daidai ne kuma an bayyana shi. Na huɗu, an faɗi dalilin zaɓen tsarin da iyakarsa. Ɗauki kundaye 20 zuwa 25, a rufe sunan ɗalibi da na malaminsa, malamai biyu da ba su ne masu duba ɗalibin ba su ba da mataki kowa shi kaɗai. Kafin su fara, su gwada kundi uku tare su yi gardama a kai har ma'auninsu ya daidaita, wannan zaman awa biyun kada a tsallake shi. Inda suka saɓa da fiye da mataki ɗaya, na uku ya raba. Wannan makin ba ya shafar sakamakon ɗalibin, ya riga ya fita, na sashe ne.

Tunda ChatGPT ya shigo, babi na ɗaya da na biyu na kundi ba su ƙara zama shaidar komai a kan ɗalibi ba. Nauyi ya koma kan kare kundi da baki. Tambayoyi uku iri ɗaya ga kowa sun isa: me ya sa ka yi maimaici uku ba biyu ba, nuna mini a wannan jadawalin inda bambancin yake da ma'ana, in za ka sake me za ka canza. A rubuta matakin amsar nan take.

Aikin hannu kuwa sai an gani. Littafin da ɗalibi ke cikewa a SIWES, wato shirin koyon aiki a wuraren aiki, ko a shekarar aikin gona ta aji huɗu, yana nuna inda ya je ne, ba abin da ya iya ba, kuma mai kula da shi a wurin aiki da wuya ya ba shi ƙasa da "ya yi ƙoƙari". Ku ari tsarin da makarantun likitanci ke amfani da shi: tashoshi shida zuwa takwas, minti bakwai zuwa goma kowace, malami ɗaya a kowace tasha da takardar duba matakai. Tasha ɗaya ɗaukar samfurin ƙasa, ɗaya daidaita injin feshi na goyo, ɗaya gane ƙwari ko cuta a ganye, ɗaya auna fegi da tazarar shuka. Da tashoshi takwas na minti goma, ɗalibai takwas na gamawa cikin minti 80, don haka samfurin mutum 32 aikin yini ɗaya ne. Inda ake rasa daidaito shi ne rukunin safe su gaya wa na rana abin da ke ciki, sai a canza ganye da lambobi tsakanin zagaye.

Takardar jin ra'ayin ɗalibai masu fita, da ta tsofaffin ɗalibai, da ta masu ɗaukar su aiki, duk suna da amfani, amma a matsayin ƙari. Ɗalibi zai ce ya iya, don bai san abin da bai sani ba. Amfaninsu na fitowa ne in sun saɓa da awon kai tsaye, ko sun nuna abin da ba ku sa a manufofinku ba sam. Karɓi lambobin waya kafin su tafi bautar ƙasa, bayan nan samunsu wahala ne.

Kada ku ce za ku auna manufofi shida a shekara guda. Biyu a shekara, zagaye ya cika cikin shekara uku, kuma hakan ya shiga cikin shekara biyar da cikakkiyar amincewar NUC ke ɗauka. A kowane rahoto a rubuta makonni nawa aka yi ana koyarwa a zahiri. Ƙa'ida ita ce mako 15 a zango, kuma yunit ɗaya na kwas awa 15 ce ta lakca ko awa 45 ta aikin hannu, amma bayan yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 jami'o'i da dama sun matse zangunansu, kuma abin da ake fara yankewa a irin wannan hali shi ne aikin hannu da babukan ƙarshe. Wanda zai kwatanta shekara da shekara yana buƙatar sanin wannan.

Wata magana da za ka faɗa wa shugaban sashe tun yanzu: rahoton ya fito da sunan manufa, ba da sunan malami ba, kuma kada ya shiga fayil ɗin ƙarin girma. Ranar da malamai suka ga ana amfani da shi a kama wani, tambayoyi za su yi sauƙi, maki zai hau, alƙaluman su zama na banza. Haka mai duba jarrabawa daga waje: maimakon a miƙa masa tarin takardu ya sa hannu a rana ɗaya, a aika masa manufofin da jadawalin tun da wuri, a roƙe shi ya faɗi a rahotonsa ko tambayoyin aji huɗu da biyar sun wuce matakin hadda.

Game da tawagar da ke tafe, za su duba takardun tambayoyi, tsarin ba da maki, samfurin takardun amsa, kundaye da rahoton mai duba na waje. Kada ku ƙago alƙaluman shekarun da ba ku auna ba. Takardun amsa na zangon da ya wuce suna nan a sito, ciro na kwas biyu ka yi musu abin da aka bayyana a sama, ko da tambayoyin ba a tsara su don haka ba. Sannan ka kai sakamakon taron sashe, a rubuta a bayanan taro abin da aka gano, abin da za a canza, wa zai yi, da yaushe. Ga misalin takin, shawarar na iya zama atisayen lissafi uku na minti 20 a cikin aji kafin gwajin farko, da wasiƙa ga mai koyar da lissafin aji ɗaya a kan kaso. Shekara mai zuwa a sake tambayar a gurbin dole da maki iri ɗaya, amma a canza amfanin gona da lambobi, a ce dawa maimakon masara, domin tambayar bara ta riga ta shiga hannun ɗalibai tare da amsarta.